Lombok, Hebrides ko Dalmashiya: Ina Ya Fi Dacewa Abokai Su Kewaya Tsibirai a Kan Babur?

Mu biyar ne muka ɗauko maganar, kuma tun daren farko gardama ta karkata kan babur: wa zai hau babba, wa zai haƙura da roba-roba, wa ya iya ɗaukar kwana ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. Sai da muka ɓata makonni kafin ɗayanmu, wanda ya fi mu haƙurin duba taswira, ya ce mu bar zancen babur tukuna mu duba jirgin fito. Gaskiyarsa. A tafiyar tsibirai jirgin ne ke faɗa maka ƙarfe nawa za ka tashi, inda za ka kwana, da ranar da za ka zauna ka naɗe hannu kana kallon teku. Wurare uku muka auna: jerin tsibiran Indonesiya daga Bali zuwa gabas, tsibiran Hebrides na arewa maso yammacin Sikotland, da tsibiran Dalmashiya a gaɓar Kuroshiya. Kowannensu da halin jirginsa.

Na Indonesiya shi ne mai sauƙin kai. Daga Padangbai a gabashin Bali zuwa Lembar a Lombok jirage na tashi dare da rana, ana shafe sa'o'i huɗu zuwa biyar a kan ruwa. Daga Kayangan a gabashin Lombok zuwa Poto Tano a Sumbawa ma haka, dare da rana, tafiyar ba ta cika wuce sa'o'i biyu ba. Idan wani a cikinku ya makara wajen karin kumallo, ko taya ta yi faci a hanya, ba ku yi asarar ranar ba. Wani jirgin na tafe. Ga ayarin abokai wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk wanda ya taɓa tafiya da mutum biyar ya san ba a taɓa tashi a lokacin da aka tsayar.

Shiga jirgin kansa abin kallo ne. Babura ke taruwa a bakin tasha kamar ranar kasuwa, wasu da buhunan kaya, wasu da iyali guda a kai. Da an sauke ƙofar ƙarfe sai kowa ya kunna, a hau a jere a gefen manyan motocin kaya, hayaƙi ya cika ƙasan jirgin. Ka kafe babur ɗinka, ka cire jaka, ka haye sama. Kafin jirgi ya tashi masu talla sun cika shi da ƙunshin shinkafa da ruwan gora da kofi. Akwai masu ba da hayar katifa ga mai son miƙe baya, kuma akasarin jiragen na da ɗan ɗakin salla da suke kira musholla. Wanda ya saba da tashar mota a gida ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan.

Wannan sauƙin yana ƙarewa ne a Sape, can ƙarshen gabashin Sumbawa. Jirgin da ke tsallakawa zuwa Labuan Bajo a Flores ba ya yawan tashi kamar na baya, tafiyar na cin sa'o'i shida zuwa takwas, kuma idan teku ta yi fushi ana iya dakatar da shi. Duk mai nufin Flores sai ya ware kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. Akwai kuma maganar da ba a so a yi amma dole a yi ta: haɗarin jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne a Indonesiya. A farkon Yulin 2025 wani jirgin fito ya nutse da dare tsakanin Ketapang da Gilimanuk, a mashigar da ta raba Java da Bali, aka rasa rayuka. Mu da muka san labarin kifewar kwale-kwale a kogin Neja ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shawarata a tsallaka da rana, a cikin rani, kuma da an hau a fara neman inda rigunan ceto suke.

Hanyar kuwa ta biya kuɗin wahalarta. Lombok ƙarama ce, amma hawan da ke kai ka kwarin Sembalun, a gindin dutsen Rinjani mai tsayin mita 3,726, ya ishi mai son kwana da gangara. A kudu akwai Mandalika, inda aka fara tseren babura na duniya na MotoGP a 2022, kuma titunan yankin sun amfana da wannan hidima. Sumbawa kuma doguwa ce, kusan kilomita 400 daga Poto Tano zuwa Sape, ta Sumbawa Besar da Dompu da Bima. Motoci ba su da yawa, ƙasar busasshiya ce da rani, ga gonakin masara a kan tuddai, ga dawaki da awaki a bakin titi. A arewacinta Tambora yake, dutsen da ya yi aman wuta a 1815 har tokarsa ta sauya yanayin duniya a shekarar da ta biyo baya. Flores ita ce mai gwada gwanin tuƙi: fiye da kilomita 600 daga Labuan Bajo zuwa Larantuka, kusan duka kwana bayan kwana, ga tafkuna uku masu launi daban-daban a saman Kelimutu. Tazarar da za ka gani a taswira ka ce sa'a biyu ce, sai ta cinye maka wuni.

Babur ɗin haya a can ƙanana ne: Yamaha NMAX, Honda Vario, ko Honda CRF150L da Kawasaki KLX150 ga mai son shiga burji. Kada wannan ya sa kowa ya raina tafiyar. A titin da ba ka wuce gudun kilomita sittin, babban inji nauyi ne kawai. Kuma ƙaramin babur duk ƙauyen da ka shiga akwai bakanike da mai faci da suka san shi ciki da bai, ga masu sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, ƴan bumburutunsu ke nan. Abu biyu ne dole kafin a biya kuɗin haya: mai babur ya amince a fili za a fitar da shi daga tsibirin, kuma ya ba ka takardar rajistar da suke kira STNK, domin ana iya neman ta a tashar jirgi. Sannan ka riƙe lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa wanda ya nuna ajin babur. Mutane da yawa na hawa ba tare da shi ba, sai an yi haɗari kamfanin inshora ya juya musu baya.

Ta fuskar salla da abinci babu wanda ya kama ƙafar wannan zaɓi. Ana yi wa Lombok kirari da tsibirin masallatai dubu, mutanenta Sasak Musulmi ne, haka ma Sumbawa. Ba ka neman alƙibla da waya, kiran salla ne zai tsayar da kai. Ka ci gasasshiyar kazar Taliwang mai yaji ba tare da ka yi tambaya ba. Bali ce ta bambanta, mafi yawan mutanenta mabiya Hindu ne kuma gasasshen alade na cikin abincin da suke ji da shi, don haka a can sai ka nemi shagon da ya rubuta halal. Flores akasari Katolika ne, amma garuruwan bakin ruwa ba sa rasa masallaci. A kula da ranaku biyu: Nyepi, ranar shirun Bali da ke faɗowa wajen Maris, inda ake rufe tituna da tashoshin jirgi har da filin jirgin sama na kwana guda cur, da kwanakin ƙaramar Salla, lokacin da miliyoyin mutane ke komawa garuruwansu, tashoshi su cika maƙil.

To ina matsalar? Fasfo. Najeriya ta daɗe a cikin ɗan gajeren jerin ƙasashen da Indonesiya ba ta ba ƴaƴansu biza sai an samu mai tsaya musu a can kuma hukumar shige da fice a Jakarta ta amince. Ke nan tafiyar da ta fi arha a ƙasa ita ce ta fi jan rai a takarda. Wanda ke riƙe da fasfon wata ƙasa ya bincika nasa matsayin daban, don ba ɗaya ba ne.

Hebrides kishiyar wannan ce kusan ta kowace fuska. Kamfanin Caledonian MacBrayne, wanda kowa ke kira CalMac, shi ke riƙe da jiragen, kuma da bazara sai ka kama wa babur ɗinka gurbi tun da wuri. An ce ka iso kafin lokaci kaza, to ka iso. Idan ka makara an ba wani. Mutum biyar da babura biyar na nufin gurbi biyar a jirgi ɗaya, kuma ɗayanku ya yi nawa ya jawo wa kowa. Amma a madadin wannan takura ka samu hanyar da ta fi kowace kyawun tsari. Ka tashi daga Glasgow ka bi gefen tafkin Lomond zuwa Oban. Ka hau jirgi kusan sa'o'i biyar zuwa Castlebay a tsibirin Barra, inda ƙananan jiragen sama ke sauka a kan rairayin bakin teku idan ruwa ya janye. Daga Barra minti arba'in zuwa Eriskay. Daga nan ba ka sake buƙatar jirgi sai ka ratsa Uist ta Kudu da Benbecula da Uist ta Arewa har Berneray, domin an haɗe su da titunan da aka cike a kan ruwa. Sa'a guda kuma zuwa Leverburgh a Harris, ka haura Lewis, ka fita ta Stornoway zuwa Ullapool cikin sa'o'i biyu da rabi ko ɗoriya kaɗan, ka gangaro kudu ka mayar da babur inda ka ɗauko shi. Zobe ne cikakke, ba ka maimaita hanya. A Indonesiya kuwa, duk nisan da ka yi gabas sai ka sake tako shi da baya, sai dai in ka biya a dawo maka da babur.

Tsawon tsibiran daga Vatersay zuwa ƙarshen arewacin Lewis bai kai kilomita 300 ba, abin da mai gaggawa zai gama a wuni ɗaya in ba don jirage ba. Ba wurin gudu ba ne. Tituna da yawa faɗin mota ɗaya ne, da ƴan wuraren raɓewa jefi-jefi. Idan ka hango mota tafe, wanda ya fi kusa da maraɓa shi ke tsayawa, a ɗaga wa juna hannu a wuce. Ayari na da nasa ladabin a nan: babura biyar ba sa shiga maraɓa ɗaya, don haka ko ku rabu biyu da uku, ko ku bar tazara mai yawa. Kuma in motar ɗan gari ta biyo ku a baya, ku raɓe ta wuce. Shi aiki za shi, ku yawo kuka zo. Tumaki su ne masu titin. Sukan kwanta a kan kwalta don ɗuminta, ba ruwansu da hon.

Abin da za ka gani a can ba ya kama da komai na wajenmu. Farin rairayin Luskentyre da ruwa mai launin shuɗi-kore wanda in ka gan shi a hoto za ka rantse ƙasar zafi ce, har sai ka tsoma yatsa. Tsayayyun duwatsun Callanish da aka kafa kimanin shekaru 5,000 da suka wuce. Masaƙan Harris Tweed, yadin ulun da dokar majalisa ta 1993 ta ce ba zai amsa wannan suna ba sai an saƙa shi da hannu a gidan masaƙi a waɗannan tsibirai. Duk wanda ya san darajar saƙi da marinar Ƙofar Mata zai tsaya ya kalli wannan sana'a da kyau. Mutanen tsibiran gaba ɗaya, daga Vatersay zuwa Lewis, ba su wuce 27,000 ba, kuma a nan harshen Gaelic ya fi ƙarfi a duk Sikotland.

Sai dai ga wahalhalun, kuma ba ƙanana ba ne. Iska daga tekun Atlantika take zuwa ba abin da ya tare ta, ba bishiya ba gini, tana iya ture babur daga wannan gefen titi zuwa wancan. Ruwan sama ba ya sallama, ko a tsakiyar Yuli. Ranar da iska ta kwanta kuma sai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo su fito gari guda, musamman daga Yuni zuwa Agusta, har ka gwammace iskar. Jiragen ma ana soke su saboda yanayi ko gyara, kuma na tsakanin Berneray da Leverburgh har cikar teku da janyewarta na sauya masa lokaci. Kuɗin tsallakar da babur bai da yawa, gwamnatin Sikotland na tallafa wa farashin, amma hayar babban babur da inshora da masauki da kayan sanyi za su cinye abin da zai riƙe ka makonni a Sumbawa. Masu ba da haya kuma kan nemi cikakken lasisin babban babur da shekarun gogewa, abin da yawancinmu da muka koyi hawa a lungun unguwa ba mu da shaidarsa a takarda.

Lahadi a Lewis da Harris rana ce ta ibada da gaske. Yawancin shaguna a rufe suke, kuma sai a 2009 jirgin fito ya fara tashi daga Stornoway ranar Lahadi, bayan doguwar gardama. Ka cika tanki ka sayi guzuri tun Asabar. Masallaci kuwa akwai guda a Stornoway, an buɗe shi a 2018, shi ne na farko a tsibiran. In kuna son Juma'a sai ku tsara kwanakinku su kai ku can ranar. Sauran wurare dardumarka ce masallacinka. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma da rabi na dare, ta sake fitowa kafin huɗu da rabi, kuma jan sararin sama ba ya gushewa sosai, don haka batun Isha da Asuba ku tambayi malami tun a gida ku tafi da matsaya ɗaya, kada ku tsaya kuna musu a bakin tanti. Abinci a dogara da kifi da sauran kayan teku. A guji baƙin tsiran da Stornoway ta yi suna da shi, wanda ake ɗorawa a farantin karin kumallo: da jini ake haɗa shi.

Kuroshiya ba zan daɗe a kanta ba, duk da cewa a hoto ita ce ta fi ruɗin ido. Tana da fifiko guda da sauran biyun ba su da shi: a hannun dama ake tuƙi, kamar Nijar da kamar Najeriya tun 1972. A Indonesiya da Birtaniya hannun hagu ne, kuma haɗarin ba a tsakiyar tafiya yake ba, yana zuwa ne da safe in ka fito daga masauki, ko bayan shan mai, lokacin da hannu ya koma wa sabonsa. Titunan Dalmashiya masu kyau ne, tsallakawar gajeru ce: Split zuwa Supetar a tsibirin Brač minti hamsin, Split zuwa Stari Grad a Hvar sa'o'i biyu, Orebić zuwa Korčula ba ta kai rabin sa'a ba. Gadar Pelješac da aka buɗe a 2022 ta kawar da buƙatar ratsa iyakar Bosniya a hanyar Dubrovnik.

Inda ta gaza shi ne ainihin abin da muka fito nema. Jiragen da ke haɗa tsibiri da tsibiri kai tsaye yawanci masu gudu ne na fasinja zalla, ba sa ɗaukar babur. Jiragen kamfanin Jadrolinija masu ɗaukar abin hawa kuwa akasari daga babban yanki suke zuwa tsibiri su dawo. Brač da Hvar na kallon juna, amma mai babur sai ya koma gaɓa ya sake hawa wani jirgin. Ana iya haɗa zagaye mai daɗi, misali ka shiga Hvar ta Stari Grad ka ratsa tsawonta ka fita ta Sućuraj zuwa Drvenik, sai dai rabin tafiyar a titin gaɓa za ka yi ta. Yuli da Agusta cunkoso ne da tsada, ƙasar ta koma kuɗin Yuro da yankin Shengen tun farkon 2023, ga iska mai ƙarfi da suke kira bura da kan sa a hana babura bin wasu tituna da gadoji. Masallatan da aka sani suna Zagreb da Rijeka, nesa da waɗannan tsibirai, kuma busasshen naman alade na kan kusan kowane teburi. Ga wanda ke zaune a Jamus ko Italiya da babur ɗinsa a ƙofar gida, mako guda a watan Yuni ko Satumba, zaɓi ne mai kyau. Ga mai tasowa daga Kano ko Maradi ya nemi biza ya biya jirgin sama, ban ga abin da ta ba shi da ya kai wahalar ba.

Tsakanin biyun da suka rage, ni dai ina auna ayari ne da wanda ya fi kowa rauni a tuƙi da wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi. Mai rauni a tuƙi zai fi samun kansa a kan NMAX a titin Sumbawa fiye da a kan babur mai nauyin kilo ɗari biyu iska na kaɗa shi a Uist. Cunkoson kudancin Bali ne kawai zai iya firgita shi, shi ma wanda ya taɓa ratsa kasuwar Sabon Gari da yamma zai ga bai wuce saninsa ba, kuma ana iya tsallake shi gaba ɗaya a sauka a Lombok a ɗauki haya a can. Mai ƙarancin kuɗi kuwa ba sai an faɗa ba. Hebrides na ga waɗanda tuni suke Birtaniya, suna da lasisin can, suna da mako guda tak, kuma dukkansu masu kiyaye lokaci ne.

Mu abin da muka tsayar shi ne Lombok da Sumbawa, kwana goma sha biyu, tsakanin Yuni da Agusta, mu kai Bima mu juyo, Flores sai wani jiƙon. Wanda ke zaune a Glasgow a cikinmu bai ji daɗi ba, har yanzu yana turo mana hotunan Luskentyre da tsakar dare. Mun ce masa ya fara nemo mana mai tsaya mana a Mataram, babban birnin Lombok, tukuna.